Abin da baƙo zai tarar daga bakin ƙofa zuwa sallama a ƙasashen duniya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman fili a shafin wasiƙu don in taɓo wani abu da ba a cika ba shi muhimmanci ba idan ana yi wa matafiya nasiha. Duk wanda zai fita waje, ko karatu ya kai shi, ko fatauci, ko jinya, za a cika masa kunne da zancen biza da tikiti da canjin kuɗi da rigar sanyi. Da an zo kan zama da mutane sai a dunƙule masa komai a jimla guda, a ce ka dai zama mai ladabi. Wannan nasiha ba ta wadatar ba, domin yawancin katoɓarar da baƙi ke yi, suna tsakiyar ladabi suke yin ta. Wanda ya cika wa baƙo kofin shayi fal don karramawa, idan a Uzbekistan yake, ya sallame shi ne bai sani ba. Zan bi ziyara guda daga gayyata har zuwa ban kwana, in nuna inda ake tuntuɓe da dalilinsa.

Tun daga agogo ake fara ɓata. A Habasha ana fara ƙirga awoyi ne daga fitowar rana, saboda haka ƙarfe 7 na safe a agogon da aka saba shi ne ƙarfe 1 a wurinsu, tsakar rana kuma ƙarfe 6. Masu magana da Suwahili a Tanzaniya da Kenya ma haka suke ƙirgawa. Tazarar awa 6 ce daidai, ba ta ƙaruwa ba ta raguwa. Idan aka ce ka zo cin abinci ƙarfe 1 na dare, ƙarfe 7 na yamma ake nufi. Maganin wannan tambaya ɗaya ce: agogon gida ko agogon Turawa? Kalandar Habasha ma tata daban, wata 13 gare ta, 12 masu kwana 30, na ƙarshe mai kwana 5 ko 6, kuma tana bayan kalandar Miladiyya da shekara 7 zuwa 8. Sai a ranar 12 ga Satumba, 2007 suka shiga shekararsu ta 2000. Mai karanta kwanan wata a jikin rasit ko takardar haya ya kula.

Ko inda agogon yake ɗaya, ma'anar "ƙarfe 8" ta bambanta. A Jamus da Siwizalan da Japan ƙarfe 8 ƙarfe 8 ne, kuma jinkirin minti 10 yana bukatar a buga waya a ba da haƙuri. A Faransa, idan liyafar dare ce a gidan mutum, isowa daidai kan lokaci takura ce ga mai gida, wanda watakila bai gama shiri ba, shi ya sa ake ƙara minti 10 zuwa 15. Amma wannan rangwame na gida ne kawai, bai shafi ofis ko asibiti ba. Ɗalibi a jami'ar Jamus ko Ostiriya zai ga haruffa biyu a gefen lokacin lacca: c.t. na nufin a ƙara kwata, wato 10 c.t. shi ne 10:15, s.t. kuma na nufin daidai kan lokaci. A Sifen abincin rana sai wajen ƙarfe 2 ko 3, na dare 9 zuwa 10. Wani ɓangare na dalilin shi ne tun 1940 aka tura agogon ƙasar gaba da awa guda ya yi daidai da na tsakiyar Turai, alhali wurin da take a taswira ya fi dacewa da agogon Ingila. Wanda ya shiga gidan abinci a Madrid ƙarfe 7 na yamma da yunwa, sau da yawa zai tarar ba a ɗora tukunya ba.

Ranar hutu ma a bincika. Saudiyya ta koma Juma'a da Asabar a 2013, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kuma ta koma Asabar da Lahadi a farkon 2022, da rabin yini ranar Juma'a a ma'aikatun gwamnati. A Jamus yawancin kantuna a rufe suke ranar Lahadi in ban da na tashoshin jirgi da gidajen mai, kuma ba a huda bango da inji ko yanke ciyawa a ranar. Daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe lokacin shiru ne, maƙwabci na iya kai ƙara.

To, an iso ƙofa. A gidan Japan akwai ɗan fili a ƙasa-ƙasa da zarar an shiga, sunansa genkan, daga shi sai a hau ɗan tudu zuwa daɓen gida. Ana cire takalmi a ƙasan, a taka saman kai tsaye. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya cire takalmi ya tsaya da safa a ƙasan, sannan ya hau, ya kwaso ƙurar da aka so a bari a waje. Bayan an hau sai a juya takalmin hancinsa ya kalli ƙofa. Za a ba ka silifas na cikin gida, amma da ka zo ɗakin da aka shimfiɗa tabarmar tatami sai ka cire su, domin suna cinye saƙar. Banɗaki kuma yana da nasa silifas daban a bakin ƙofarsa. Babu baƙon da ba a gargaɗa a kan wannan ba, kuma duk da haka mantuwa kan sa mutum ya dawo falo da silifas ɗin banɗaki a ƙafa. A Koriya dalilin cire takalmi a fili yake: ana ɗumama daɓen ɗaki daga ƙasa, a kansa ake zama, a ci abinci, wasu ma a kansa suke kwana. Turkiyya da Rasha da Suwidin da Finlan duk ana cirewa. A Sifen da Italiya da gidaje da yawa na Amurka kuwa, baƙo kan shiga da takalminsa, wanda ya tuɓe ba a ce masa ba sai a ga kamar ya saki jiki da wuri. Ka dubi bakin ƙofa: idan akwai jerin takalma, ka ƙara naka. Kuma ka tabbata safarka ba ta da huji.

Dokin ƙofa kansa abin kiyayewa ne. A Rasha ba a gaisawa hannu da hannu ta samansa, ko ka shiga ko mai gida ya fito. A Tailan tsallake shi ake yi. A tantin makiyayan Mongoliya, wanda ƙofarsa kullum kudu take kallo, ba a ƙwanƙwasawa, daga nesa ake kira a ce a riƙe kare. In an shiga ba a taka dokin ƙofa, baƙo ya bi hagu, ƙuryar da ke fuskantar ƙofa ta manya ce, kuma ba a ratsawa tsakanin ginshiƙai biyu na tsakiya.

Gaisuwa ba zan daɗe a kanta ba, tunda ido kan koya wa mutum da sauri. A Japan rusunawa hawa-hawa ce: kimanin digiri 15 ga wanda aka haɗu da shi a hanya, 30 ga baƙo ko abokin ciniki, 45 wajen ban haƙuri ko godiya mai nauyi, baya a miƙe. A Tailan ana haɗa tafuka, ƙarami ke farawa, kuma tsayin hannun ke nuna matsayi: wajen ƙirji ko haɓa ga tsara, wajen hanci ga babba, wajen gira ga malaman addininsu. Babba ba ya fara yi wa yaro ko ma'aikacin otal, murmushi da ɗan sunkuyar da kai ya isa. A Turkiyya yaro kan sumbaci hannun dattijo ya kai goshi, a Filifin kuma ya ɗora bayan hannun dattijon a goshinsa. Faransawa suna haɗa kunci, sau 2 a Paris, sau 3 a wajen Monfeliye, Holan ma sau 3. Wanda ba ya son wannan, ko ba ya musabaha da wani jinsi, dabarar ita ce ya riga: ya dafa ƙirji da hannun dama, ya ɗan sunkuya da fara'a tun ɗayan bai matso ba. Abin da ke ɓata rai shi ne a bar hannun mutum a miƙe a iska.

Kai da yatsu sun fi baki jawo rigima. A Bulgeriya gyaɗa kai sama da ƙasa a'a ne, girgiza shi kuma i ne, shi ya sa ya fi kyau a nemi kalmar a harshensu: "da", wato i, ko "ne", wato a'a. A Girka da Turkiyya ɗaga haɓa sama da ɗan tsaki a'a ne kawai, babu raini a ciki. A Indiya kaɗa kai gefe da gefe yawanci "na ji, to" yake nufi. Buɗe tafin hannu da yatsu 5 a fuskar mutum zagi ne a Girka, haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe batsa ce a Birazil, ɗaga yatsu biyu da bayan hannu yana kallon mutum zagi ne a Ingila. A Japan da Koriya da Filifin ana kiran mutum da tafin hannu yana kallon ƙasa. Kiran mutum da yatsa ɗaya a Filifin kiran kare ne. A Tailan ba a shafa kan mutum, ba a nuna abu da ƙafa, ba a kuma taka kuɗin da ya faɗi don tsayar da shi, saboda hoton sarki na jiki, kuma dokar ɓatanci ga sarauta a can tana kai mutum kurkuku shekara 3 zuwa 15.

Sai tsaraba. A nan ne kyakkyawar niyya ta fi jefa mutane cikin kunya, domin kusan kowace ƙasa tana da abin da ta keɓe wa mutuwa. A Rasha furanni na mai rai 3 ne ko 5 ko 7, adadin da ke rabuwa biyu daidai na makabarta ne. A Faransa da Italiya da Beljiyam furen kirisantimam shi ake kaiwa kaburbura a farkon Nuwamba, ba a kai wa uwar gida. A Jamus ana cire takardar da aka naɗe furanni kafin a miƙa. A Sin ba a ba da agogon bango ko na tebur, saboda furucin "ba da agogo" ya yi daidai da na "raka gawa". Laima ma ana gudunta don sunanta ya yi kama da kalmar rabuwa. Lamba 4 tana kama da kalmar mutuwa a Sinanci da Japananci da Koriyanci, har wasu benaye ba su da hawa na 4 a jikin lif. Lamba 8 kuwa ta arziki ce a Sin, shi ya sa aka buɗe gasar Olamfik ta Beijin ranar 8 ga watan 8 na 2008 da ƙarfe 8 na dare. Kuɗin biki a jan ambulan ake sa shi, fari na ta'aziyya ne.

Japan ta fi kowa tsanani a kuɗin ambulan. Na aure sababbin takardu ake sawa, aboki kan ba da yen 30,000, ana kauce wa adadin da ke rabuwa biyu don kada a yi wa auren fatan rabuwa. Na ta'aziyya kuma tsofaffin takardu ake sawa, domin sababbi na nuna kamar ka shirya wa mutuwar tun kafin ta zo. A Indiya ana ɗora rufi 1 a kan kuɗin: 101, 501, 1,001. Kayan fatar saniya kuma ba kyautar da za a kai wa mabiyin addinin Hindu ba ce. A Sin da Japan da Koriya da hannu biyu ake bayarwa da karɓa, mai karɓa kan yi ɗan ja da baya sau ɗaya ko biyu, kuma bisa tsohuwar al'ada ba a buɗewa a gaban mai bayarwa. A Amurka da Jamus nan take ake buɗewa a yaba, wanda ya ajiye gefe bai buɗe ba sai a ɗauka bai damu ba. Wani ƙaramin abu: Bajamushe ba a yi masa murnar ranar haihuwa kafin ranar ta zo, kuma shi mai bikin ne ke kawo kek ofis.

Kafin a zauna cin abinci, in faɗi wani abu don kada a ɗauki maganata fiye da yadda take. Waɗannan al'adu sun fi ƙarfi a gidajen dattawa da ƙauyuka da wuraren biki. Matasan manyan birane da yawa sun sassauta, kuma kusan ko'ina ana yi wa baƙo uzuri a karon farko. Uzurin ne ba ya daɗewa. Wanda zai yi mako biyu ana yi masa dariya a wuce, wanda zai yi shekara 4 yana karatu ko yana neman a sa hannu a kwangila ana lissafa masa.

A kan tebur, sandunan cin abinci da ake amfani da su a Sin da Japan da Koriya suna da haramci biyu da suka fi sauran. Ba a soke su a tsaye cikin shinkafa, domin haka ake ajiye wa mamaci, kuma sun yi kama da turaren tsinke na jana'iza. A Japan kuma ba a miƙa abinci daga sanduna zuwa sanduna, saboda bayan an ƙona gawa haka dangi ke miƙa wa juna ƙasusuwa. Idan za ka ba wani, ka ɗora masa a faranti. Japanawa da Sinawa suna ɗaga kwanon shinkafa zuwa baki, Koriyawa kuwa suna barinsa a tebur su ci da cokali, kuma ba wanda ke farawa sai babba ya ɗauki nasa. Zuƙar taliya da ƙara a Japan ba laifi. A Tailan cokali mai yatsu turawa kawai yake yi, cokali ne ke zuwa baki. A Faransa hannaye biyu a kan tebur ake barinsu, burodi a ajiye kan ƙyallen tebur a gutsura da hannu. A yawancin Turai jera wuƙa da cokali mai yatsu gefe da gefe a faranti na nufin an gama, mai hidima zai ɗauke ko da saura. A Indiya abin da bakin wani ko hannun da yake ci da shi ya taɓa ya gurɓata ga sauran, saboda haka ba a ɗaukar cokalin zuba abinci da hannun da ake ci, kuma ana ɗaga gorar ruwa a tsiyaya a baki ba tare da leɓe ya taɓa ba. A Habasha mai gida na iya naɗo loma ya sa maka a baki da hannunsa, sunan wannan gursha, girmamawa ce, ƙin karɓa kuma yana da zafi.

Wanda akwai abin da ba ya ci, ya faɗa tun ranar gayyata, kada ya bari sai an zuba. Kuma ya ambaci abin dalla-dalla. Romon taliyar ramen iri-iri da ƙashin alade ake dafa shi, miyar Japan da yawa akwai mirin, wanda na asalinsa giyar shinkafa ce mai ƙarfin kusan kashi 14 cikin 100. Alewa mai danƙo a Turai sau da yawa da jelatin na alade ake yi, wasu burodin Italiya da waken Meziko kuma da kitsensa. A Indiya ɗigon kore cikin murabba'i a jikin kwali na nufin babu nama. Idan kai ne mai masauki, mabiya addinin Jain na Indiya ba sa cin albasa da tafarnuwa da dankali, Bayahude mai kiyaye dokar abinci kuma ba ya haɗa nama da madara.

Yanzu ga inda na fi so a tsaya, wato yadda ake cewa "ya isa". Kowace al'umma tana da alamarta, kuma wanda bai san ta ba ko dai ya sha har cikinsa ya kumbura, ko ya tashi da yunwa.

A ƙasashen Larabawa na yankin Tekun Fasha mai zuba gahawa yana riƙe buta da hagu, ya miƙa finjali da dama, kuma ɗan kaɗan yake zubawa, bai fi sulusi ba. Ka karɓa da dama. Muddin ka miƙa finjalin haka kawai, zai sake zubawa. Idan ka ƙoshi sai ka ɗan kaɗa shi tsakanin yatsu sau biyu ko uku kafin ka mayar. Finjali 1 zuwa 3 shi ne daidai. A Turkiyya ana kwantar da ƙaramin cokali a kan bakin kofin shayi. A Uzbekistan da Kazakistan ana zuba shayi ƙasa da rabin kwano, don ya zauna da zafi kuma mai gida ya yi ta hidimar ƙarawa, cikawa fal kuwa na nufin sha ka tafi. A can burodi ba a kifa shi, ba a sa masa wuƙa. A Habasha gahawa zagaye 3 ce, abol da tona da baraka, ana soya 'ya'yan a gabanka a kaɗo maka hayaƙin ka shaƙa, kuma zaman kan wuce awa guda. Wanda ya san ba shi da lokaci ya faɗa tun ba a ɗora ba, domin tashi bayan zagayen farko yankan zumunci ne. A Ajantina da Urugwai ana zagayawa da ƙoƙo ɗaya na wani ganyen shayi mai suna mate da tsinken ƙarfe ɗaya na zuƙa. Mutum ɗaya ke zuba ruwan, mai zafin digiri 70 zuwa 80, tafasasshe yana ƙona ganyen ya yi ɗaci. Ka shanye duka, ka mayar wa mai zubawa, kada ka motsa tsinken don zai toshe. Kuma kada ka ce na gode sai ka gama, domin godiya a nan ita ce alamar a tsallake ka a zagaye na gaba. A kudancin Sin kuwa ana gode wa mai zuba shayi da ɗan ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu, in buta ta ƙare a gidan abinci sai a ɗage murfinta a bar shi a karkace.

Faranti ma haka. A Japan ana cinyewa har ƙwayar ƙarshe. A Sin tsohuwar al'ada ita ce a rage kaɗan don a nuna mai gida ya wadatar, wanda ya share sai a ƙara masa, ko da yake gwamnati ta yi ta yaƙi da almubazzaranci har ta kafa doka a kai a 2021.

A Iran abin ya zama fanni guda mai suna ta'arof. Direban tasi ko mai kanti zai ce maka "ƙabel nadare", wato bai kai a biya ba. Ba kyauta ya yi maka ba. Ka nace sau biyu ko uku, zai faɗi kuɗin, ka biya. Idan aka yi maka tayin abinci ko kwana, ka ƙi da farko. Tayin da ya tsira bayan ƙi na uku, musamman idan aka haɗa da rana da lokaci, shi ne na gaske. Ɗauki wannan ɗabi'a ka kai Jamus ko Holan ka ga ta'asa: ka ce a'a sau ɗaya, an ɗauke faranti, ba mai sake tambaya, kuma a wurinsu sun girmama maganarka ne. Har ma a Jamusanci idan aka yi maka tayi ka ce danke kawai, wato na gode, yawanci a'a aka ji, mai so sai ya ce ja, bitte, wato i, don Allah. Japanawa kuma ba su cika furta a'a ba. "Da ɗan wuya" ko "zan yi tunani" ƙi ne cikakke, ɗan kasuwar da ya koma otal yana jiran amsa zai daɗe yana jira. Idan Bature ɗan Ingila ya ce lallai ka zo mu ci abinci wata rana, bai sa rana ba, gaisuwa ce. "Yaya kake" na Ba'amurke ma ba neman labarin lafiyarka yake yi ba.

Idan a gidan abinci aka haɗu, biyan kuɗi wani fagen ne. A Sin da Koriya da Turkiyya da Iran wanda ya gayyata ko babba shi ke biya, amma ana sa ran ka yi yunƙurin gaske, sannan ka rama a wani karon. A Jamus mai hidima da kansa zai tambaya, a haɗe ko a rarrabe, kowa ya biya nasa ba kunya. Tukwici a Amurka kashi 15 zuwa 20 cikin 100 ne, kuma kusan wajibi ne, saboda mafi ƙarancin albashin da dokar tarayya ta yanka wa masu karɓar tukwici dala 2.13 ne a awa tun 1991, ko da yake jihohi da dama sun ɗara haka. Farashin da ke rubuce a can ma bai haɗa da harajin ciniki ba. A Faransa kuɗin hidima na cikin farashi. A Jamus ba a barin kuɗi a tebur, ana faɗin jimlar ne lokacin biya: idan yuro 27.40 ne ka ce 30. A Japan babu tukwici sam, ma'aikaci zai biyo ka titi da canjinka, kuma kuɗi a ɗan faranti ake ajiyewa a wurin biya.

Wanda zai kwana ya san banɗaki. A Japan ana wanke jiki tas da sabulu a waje, a ɗauraye, sannan a shiga kwamin ruwan zafi na kusan digiri 40 don jiƙa jiki kawai. Ruwan na dukan gida ne, baƙo aka ba farko don karramawa, saboda haka ba a sa sabulu a ciki, ba a kuma cire toshiyar a zubar. A Girka bututun masai siriri ne, takarda tana toshe shi, kwandon da ke gefe don ita aka ajiye. A Finlan gayyata zuwa ɗakin gumi na sauna amincewa ce babba. Zafinsa digiri 80 zuwa 100, ana wanka kafin a shiga, a zauna kan tawul, a nemi izinin sauran kafin a watsa ruwa a kan duwatsu. Maza da mata da ba iyali ɗaya ba yawanci bi da bi suke shiga, kuma wanda ya ce ba zai shiga ba ba a tilasta shi.

Tashi ma yana da alamarsa. A ƙasashen Tekun Fasha idan aka zagayo da turaren wuta bayan abinci, zama ya ƙare, har suna da karin magana cewa bayan turaren udu babu zama. A Birazil ana barin mai gida ya buɗe ƙofa da hannunsa, wai baƙon da ya buɗe da kansa ba zai dawo ba. A Rasha mai doguwar tafiya da masu rakiya kan zauna shiru na ɗan lokaci kafin a ɗauki kaya, a Turkiyya kuma a watsa ruwa a bayan matafiyi don tafiyarsa ta gudana kamar ruwa. A Japan mai gida zai tsaya a waje har ka ɓace masa, don haka kafin ka sha kwana ka waiwaya ka sake rusunawa, kuma ranar da kuka sake haɗuwa, ko bayan wata guda ne, da godiyar wancan zama za ka buɗe magana.

Na gode da wannan fili, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku a kullum